Mutuwar Fedar Kuloci a Peugeot 504: Inda Matsalar Take da Yadda Ake Gyara Ta

Motar Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a shekarar 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta shiga sahun tsofaffin motocin da masu su ke riƙewa don ƙauna ko don juriyarsu a kan hanya. Daga cikin larurorin da tsufa ke jawo mata, kaɗan ne ke tayar da hankalin direba kamar ya taka fedar kuloci ya ji ta tafi ƙasa babu wani nauyi, ko ta kwanta ta ƙi dawowa, giya kuma ta ƙi shiga. Sau da yawa abin da ke fara zuwa a rai shi ne farantin kuloci ya ƙone, alhali a mafi yawan lokuta laifin yana waje da giyabos, a cikin sassa masu araha waɗanda ake iya kaiwa gare su ba tare da an sauke komai ba.

Kuloci na'ura ce da ke haɗa injin da giyabos ta kuma raba su a lokacin da ake bukata. A bayan injin akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira fulawil, kuma a jikinsa ne ake matse farantin kuloci da ƙarfin wani murfi mai sifirin, ta yadda duk juyin da injin ya yi zai wuce zuwa ƙafafun mota. Idan direba ya taka feda, wani ƙarfe mai baki biyu kamar cokali mai yatsu yakan tura boris ya danne sifirin ɗin, sai murfin ya saki faranti, a sami damar sauya giya. A 504, ba waya ce ke kai ƙarfin ƙafar direba zuwa wannan cokali ba, man birki ne: feda tana tura fistin a cikin silinda ta sama, wadda makanikai ke kira masta, man ya bi ta bututu zuwa silinda ta ƙasa da ke manne a jikin giyabos, ita kuma ta tura cokalin. Dukan tsarin ya dogara ne a kan cewa ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, saboda haka ɗan kumfan iska ko robar da ta saki ya isa ya sa tafiyar feda ta tashi a banza.

Gwajin farko ba ya bukatar ko sifana. Idan giya tana shiga lafiya lokacin da injin ke kashe, amma ta riƙa ƙara tana tirjewa da zarar an tayar da shi, to giyabos ba shi da laifi, kulocin ne ba ya sakin faranti. Daga nan sai a duba man da ke cikin robar ajiyarsa. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma wurare biyu ne aka fi zargi: bayan masta, inda man ke gangarowa ta jikin sandar feda ya jiƙa shimfiɗar ƙasan mota a wajen ƙafar direba, da kuma bakin silinda ta ƙasa, inda ake ganin danshi idan aka ɗaga robar da ke kare ta daga ƙura. Bututun roba da ke tsakaninsu shi ma yakan tsage ko ya kumbura idan ya tsufa.

Lamarin ya fi rikitarwa idan man bai ragu ba, domin a nan ne ake yawan canza abin da bai lalace ba. Robar da ke kan fistin ɗin masta tana iya cinyewa ta yadda man zai riƙa zagaye ta yana komawa baya a cikin silinda, ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Alamar wannan ita ce idan aka sa giya ta ɗaya aka danne feda aka riƙe, bayan ɗan lokaci mota za ta fara jan jiki da kanta kamar ana sakin kuloci a hankali. Idan kuwa feda ta yi laushi amma ta ɗan yi ƙarfi bayan an tattaka ta sau da yawa a jere, to galibi iska ce ta shiga. Hanya mafi inganci ta raba gardama ita ce mutum ɗaya ya taka feda, wani ya leƙa ƙarƙashin mota ya kalli sandar silinda ta ƙasa. Idan ba ta motsi ko tana motsi kaɗan, matsalar ta mai ce. Idan tana tafiya cikakkiya amma faranti bai saki ba, to an wuce batun silinda, sai a nemi cokalin da ya tsage ko ya cinye a inda yake juyawa, ko boris, ko murfin kansa.

Dalilin da ya sa silindun tsofaffin motoci ke lalacewa yana cikin halin man birkin. Nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi daga iska, shi ya sa ake ba da shawarar a sauya su kusan duk shekara 2, amma ba kasafai ake tuna man kuloci ba sai ranar da feda ta mutu. Ruwan da ya taru yakan ci cikin silinda ya bar ƙananan ramuka, kuma motar da aka ajiye wata da watanni ba a tuƙawa ta fi wadda ke aiki kullum fuskantar wannan. A nan ne ya kamata a yi hattara da gyaran da aka fi so, wato sayen sababbin robobi a saka a tsohuwar silinda. Gyara ne mai kyau idan cikin silindar yana sumul, amma idan farce yana jin kaushi ko rami, sabuwar robar za ta yage cikin ɗan lokaci, kuma ba ingancinta ne abin zargi ba. A irin wannan hali sai dai a canza silindar ɗungurungum, kuma kasuwannin kayan gyara irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano nan ne aka saba nema. Hikima ce a canza ta sama da ta ƙasa tare, tunda shekarunsu ɗaya, mai ɗaya kuma suka sha. Zuba man inji ko na giya a madadin man birki, ko da a halin matsi ne, yana kumbura dukan robobin ya lalata su, shi kuma man birkin yana cin fenti idan ya zuba a jikin mota.

Bayan an ɗaura sababbin sassa, saura fitar da iska. Yadda aka saba shi ne a taka feda a riƙe, a kwance ɗan notin da ke jikin silinda ta ƙasa har mai da kumfa su fito, a ɗaure kafin a saki feda, a yi ta maimaitawa ana ƙara mai don kada robar ajiya ta bushe. Amma da yake iska sama take nema, wani lokaci wannan hanya ba ta wadatarwa, sai a tura man daga ƙasa ta bakin notin ya haura, ya koro kumfan ta sama. Dole kuma a bar ɗan sarari tsakanin sandar feda da fistin ɗin masta, domin idan fistin bai koma mazauninsa sosai ba zai toshe ƙaramar kafar da mai ke komawa ta cikinta, matsi ya taru, kuloci ya fara zamewa ko da farantinsa sabo ne.

Ba kowace tsohuwar mota ce ke bin wannan tsari ba. Volkswagen Beetle, wadda aka harhaɗa a Legas, da waya take aiki, saboda haka idan fedarta ta faɗi ƙasa farat ɗaya, wayar ce ta tsinke ko ƙugiyar da ke riƙe ta a gindin feda ta karye, kuma ana daidaita ta ne da wani noti mai fukafukai a wajen giyabos, a bar wa feda wasan milimita 10 zuwa 20.

Sai an kawar da zargi daga kan mai da silindu da bututu ne ya dace a raba injin da giyabos, aikin da ke cin lokaci da kuɗi. Alamomin da ke wajabta shi a fili suke: injin yana ƙara gudu mota ba ta ƙarawa, musamman a kan hawa, ko ana jin ƙauri, ko kuma boris yana kuka a duk lokacin da ƙafa ta taɓa feda. Idan an buɗe, ana canza faranti da murfi da boris a lokaci guda, a binciki cokalin da mazauninsa, a kuma duba bayan injin, domin man da ke ɗiga daga wurin yana jiƙa sabon faranti ya mayar da shi mai santsi.