Yadda Za Ka Tsara Ayyukan Noman Shinkafar Dashe

Ya kai manomi, ayyukan gonar shinkafa a sarƙe suke da juna. Idan ɗaya ya makara, sai ya ja na bayansa, kuma asarar takan bayyana ne ranar girbi. Saboda haka ka zauna ka rubuta tsarin aikinka tun kafin faɗuwar damina.

Fara da ranar dashe

Tsayar da ranar da kake son yin dashe, sannan ka yi lissafi da baya. Iri yana buƙatar kimanin kwana 21 a wurin reno. Idan za ka dasa ranar 22 ga Yuli, to ka zuba iri ranar 1 ga wata. A cikin waɗannan makonni uku ne za ka kammala kaftu, da baje ƙasa, da gyaran kunyoyin tare ruwa. Irin da ya tsufa a wurin reno yana jiran gona ba ya yin 'ya'ya da yawa bayan dashe.

Jera ayyukan bayan dashe

1. Ranar dashe: tazarar santimita 20 tsakanin shuka, tare da zuba takin NPK.
2. Mako 2 zuwa 3: cire ciyawa, sannan kashin farko na takin Yuriya. Kada taki ya riga cire ciyawa, don ciyawar ce za ta shanye shi.
3. Mako 5 zuwa 7: maimaita cire ciyawa, da kashi na biyu na Yuriya gab da ɗaukar ciki.
4. Daga fitar kai: tsaron tsuntsaye na kusan wata guda.
5. Girbi: idan kashi 80 cikin 100 na zangarniya ya nuna. Iri kamar FARO 44 yakan kai nan cikin kimanin wata huɗu daga shuka.

Wa zai yi, kuma da nawa?

A gaban kowane aiki rubuta sunan mai yin sa, da kayan aiki, da kuɗin da zai ci. 'Yan ƙwadago sukan yi wuya lokacin dashe da girbi, domin kowa na neman su a mako guda. Yi magana da su da wuri, ka kuma sayi taki tun da rani.

Ga malamin gona

Taimaka wa ƙungiyar manoma su rarraba ranakun dashensu da 'yan kwanaki, yadda injin huɗa ɗaya ko gayya ɗaya za ta zagaya kowa. Ka riƙa duba jadawalin tare da su kowane mako. Idan ruwa ya yi jinkiri, a matsar da dukkan ranakun tare.