"Should" Ba Alkawari Ba Ce, Ba Kuma Umarni Ba Ce

Ranar 12 ga Disamba 2015, wakilan ƙasashe kusan 200 suna zaune a Paris don amincewa da yarjejeniyar sauyin yanayi, sai kalma guda ta tsayar da zaman. A sakin layi na 4 na sashe na 4, inda ake maganar nauyin da ke kan ƙasashe masu arziki wajen rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, daftarin ƙarshe ya fito da "shall" a gurbin da daftarorin baya suka rubuta "should". Tawagar Amurka ƙarƙashin John Kerry ta ƙi yarda, domin ta farkon tana ɗaure ƙasa da igiyar doka, abin da kan iya tilasta kai yarjejeniyar gaban majalisar dattawan Amurka, ta biyun kuwa kira ce kawai. Sai da aka mayar da kalmar, da sunan gyaran kuskuren rubutu, sannan Laurent Fabius, ministan harkokin wajen Faransa na lokacin, ya buga guduma. Waɗannan ƙananan kalmomi ne muke cin karo da su kullum a takardar magani, da saƙon banki, da wasiƙar ɗaukar aiki, kuma da yawanmu mun taso muna fassara su duka da "ya kamata". A ganina wannan kuɗin goro da ake yi musu yana jawo asara, kuma gyaransa bai kai wahalar da ake zato ba.

Kalmomin su ne "must", "shall", "should", "ought to", "may", "might", "had better" da "supposed to". Ana ajiye su gaban aikatau, ba don su canza aikin ba, sai don su faɗi nauyinsa. Wanda ya yi karatun Ahalari ko Ishmawi ya riga ya san wannan tsani, domin ya san farilla daban, mustahabbi daban, abin da aka bar wa mutum zaɓi shi ma daban. Masu rubuta ƙa'idoji da Turanci haka suke rarrabewa. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya bayyana cewa duk inda aka rubuta "must" ko "must not", doka ce wadda karya ta laifi ne, inda kuma aka rubuta "should", shawara ce, ko da yake kotu na iya kafa hujja da ƙin bin ta idan aka yi hatsari. Injiniyoyin intanet ma tun 1997 suke da wata takarda, RFC 2119, wadda ta ce "must" tilas ce, "should" kuwa ana iya kauce mata amma sai da ƙwaƙƙwaran dalili bayan an auna abin da zai biyo baya, "may" kuma ganin dama ce. "Ought to" ƙanwar "should" ce, ma'anarsu kusan ɗaya, sai dai ba a cika jin ta a bakin mutane ba yanzu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne "should" tana da fuska biyu. Idan likita ya ce "you should rest", shawara ya bayar: ya kamata ka huta. Amma idan ma'aikacin banki ya ce "the money should reflect within 24 hours", babu wanda yake ba shawara, domin kuɗi ba su da kunnen jin shawara. Hasashe yake yi, wato bisa yadda aka saba, ana sa ran kuɗin su shigo. Hausa tana da irin wannan, har ma ta fi Turanci taƙaitawa, domin kowa ya san bambancin "za su shigo gobe" da "sa shigo gobe", kamar yadda wanda aka ce wa "ma gani" ya san ba a yi masa alkawarin komai ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a duba ko wanda ake magana a kansa yana da ikon zaɓar ya yi ko ya bari. In yana da shi, galibi shawara ce, in kuwa kuɗi ne ko kaya ko mota ko sakamakon gwaji, to tsammani ne. Ɗan kasuwar da ya saki kaya don mai saye ya ce "you should get the alert soon" ya ba da dukiyarsa ne a kan tsammani, a zamanin da saƙon shigar kuɗi na bogi ya zama ruwan dare. Haka mai neman aikin da aka rubuto masa "you should hear from us next week", ya tafi ya ajiye aikin da ke hannunsa. Mai son ɗaure kansa "will" yake cewa, a takardar yarjejeniya kuma "shall". Duk wanda ya zaɓi "should" ya bar wa kansa ƙofar fita, ko da zuciya ɗaya ya faɗa.

Kada kuma a ɗauka cewa tunda ba umarni ba ce, to wasa ce. A Birtaniya gargaɗin da ake yi game da asfirin shi ne kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai da izinin likita, saboda wata cuta da ake kira Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa da "should not" ko "do not" ake rubuta irin wannan gargaɗi. Nauyin shawara yana bin wanda ya ba da ita da abin da zai faru in an ƙi ji. A korewa ma akwai wani tarko da ya fi wannan muni. "Must" da "have to" duk tilas suke nufi, amma da zarar an kore su sai su raba hanya: "you must not take it with milk" hani ne, kada ka kuskura, "you don't have to" ko "you need not" kuwa cewa suke ba dole ba ne, in ka ga dama ka yi. Mai jinyar da ya cakuɗa waɗannan biyu yana iya cutar da marar lafiyarsa alhali yana ganin ya bi takarda.

Wani zai ce ai su kansu masu harshen ba su tsaya a kan magana ɗaya ba, don me za a ɗora wa talaka? Akwai gaskiya a ciki. Lauyoyin Amurka sun daɗe suna kukan cewa "shall" ta zama mai harshen damo, har a 2007 aka sake rubuta ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayyarsu, aka maye gurbinta da "must" ko "should" ko "may" kusan ko'ina. A Najeriya ma kotuna kan fassara "shall" da tilas, amma akwai lokutan da suke karanta "may" a matsayin wajibi idan doka ta ɗora wa jami'i wani aiki don amfanin ɗan ƙasa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya yi amfani da "shall" a sashe na 18 wajen maganar ilimi kyauta, amma ya haɗa ta da sharaɗin in hali ya yi, sannan sashe na 6 ya hana kotuna sauraron ƙara a kan babin da wannan magana take ciki. Sai dai wannan ruɗani hujja ce ta a ƙara lura, ba ta a sake jiki ba. In har lauyoyi suna cin abinci da jayayya a kan kalmar, to wanda zai sa hannu a takardar haya ko ta bashi shi ya fi kowa buƙatar ya duba wace kalma aka ajiye a kan nauyinsa, wace kuma aka ajiye a kan na ɗaya ɓangaren. Yarjejeniyar da ta ce ma'aikaci "shall" ya zo aiki ƙarfe 8, amma albashi "should" a biya shi ƙarshen wata, ta riga ta nuna wa aka ɗaure.

Akwai kuma ɓangaren ladabi, wanda littattafan shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ba su cika tsayawa a kansa ba, tunda su abin da ya dame su shi ne kada ɗalibi ya sa "to" bayan "should", kada kuma ya manta da ita bayan "ought". "Had better" tana kama da "gara" ko "gwamma", shi ya sa ake jin matashi ya rubuta wa shugabansa "you had better sign it", yana ganin shawara mai taushi ya bayar. Ga mai harshen kuwa gargaɗi ne mai ɗauke da "in ba haka ba", irin wanda uba ke yi wa ɗa, ba ɗa ga uba ba. "You should have told me" ita kuma ba shawara ba ce sam, zargi ne a kan abin da ya riga ya wuce. "Supposed to" tana faɗin abin da aka tsara, kuma sau da yawa da ɗan habaicin cewa ba a yi ba. Can ɗaya gefen, malamin jami'a a Ingila da ya rubuta wa ɗalibi "you might want to revise this chapter" ba zaɓi ya ba shi ba, kunya ce ta hana shi cewa babin bai yi ba, kuma ɗalibin da ya bar babin yadda yake zai ji a jikinsa ranar kare kundi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa laifin ba na mai karatu ba ne, na hukumomi da kamfanonin da ke rubuta wa Bahaushe da Turanci ne. Ina tare da su, kuma kiran a fassara takardun magani da na banki kira ne mai kyau. Amma fassarar ma ba za ta yi amfani ba in mai yin ta, mutum ne ko manhajar waya, zai zuba "ya kamata" a ko'ina, alhali muna da "dole", da "ya kyautu", da "gara", da "ana sa ran", da "mai yiwuwa". Kafin a kai can, 'yan damfara sun riga sun gane amfanin kalmomin. Tun da aka ƙaddamar da lambar banki ta BVN a 2014 ake ta yawo da saƙonnin da ke cewa "you must update your details today", domin sun san "must" tana sa gaban mutum ya faɗi. Tilas tana zama tilas ne in mai faɗinta yana da hurumin tilastawa, kuma bankuna sun sha nanata cewa ba sa neman lambar sirri ta waya ko ta saƙo. Wanda ya sami irin wannan saƙo ya taka zuwa reshen bankinsa ya tambaya, kada ya danna komai.