Daga Galmi zuwa Akwatin Saƙo: Tallan da Sai da Yardar Mai Saye

Albasar Galmi, a gundumar Malbaza ta jihar Tahoua, ta daɗe da yin suna har Accra da Abidjan. Sai dai rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna wa 'yan kasuwar Birnin Konni cewa ciniki ido da ido na iya tsayawa cikin dare ɗaya. Wanda ya tara lambobin waya da adireshin imel na abokan cinikinsa, shi ke da hanyar ci gaba da magana da su.

Amma tara adireshi daban, samun izini daban. Nijar ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido. Najeriya ta yi tata a 2023, Tarayyar Turai kuwa tun Mayun 2018 dokarta ta GDPR ke aiki. Duk sun ba yardar mutum muhimmanci wajen amfani da bayanansa.

Kamfanonin intanet ma sun tsaurara. Daga Fabrairun 2024, Gmail ya gindaya wa masu tura saƙo 5,000 a rana sharuɗɗa: su sauƙaƙa wa mutum cire sunansa, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin 100, wato 3 cikin 1,000. Ƙaramin ɗan kasuwa bai kai wannan adadi ba, amma shi ma idan aka yi ta ƙorafi a kansa, saƙonsa kwandon shara zai riƙa faɗawa.

A WhatsApp, jerin aika saƙo ga mutane da yawa ba ya wuce lamba 256, kuma sai wanda ya ajiye lambar mai talla ne saƙon ke isa gare shi. Ajiye lambar shi ne matakin farko na yarda.

To, wane saƙo ne ake buɗewa? Wanda kan maganarsa ya faɗi kaya da farashi kai tsaye, kuma sunan shagon ya fito sarai. Hoto ɗaya marar nauyi ya isa, domin akasarin masu karɓa a waya suke karantawa, suna lissafin data. Buƙata ɗaya ake gabatarwa: a kira, ko a yi oda.

Yankin iyaka na da nasa tarkon. Jaka ɗaya a Konni sefa 1,000 ce, amma mai karatu a Sakkwato na iya fahimtar wani abu dabam, don haka a rubuta sefa ko naira da lambobi. Haka kuma akwai Illela ta jihar Tahoua, akwai Illela ta jihar Sakkwato da ke daura da Konni. Saƙon da bai bambanta su ba na iya tura direba wata ƙasa.

Dillalin siminti a Malbaza da matashin da ke oda daga Faransa don a kai wa iyayensa kaya ba buƙatarsu ɗaya ba, saboda haka raba jerin sunaye gida-gida ya fi. Wanda kuma ya ce a daina turo masa, a cire shi a ranar. Gobe yana iya dawowa da kansa.