Dama ko Hagu? Zancen Hannun Mai Fatsa

Kakanninmu na arewacin Kano manoma ne, gona na jingine da gona, daga Minjibir har Dambatta da Bichi da wuya ka ga fili ba shuka. Kifin da suka sani shi ne wanda yara ke lalube a kududdufi in ruwa ya ja baya da kaka, sai kuma banda da fatake ke kawowa kasuwa daga nesa. Madatsun ruwa ne suka sāke wannan. Marigayi Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya kama aikin tare ruwa da gaske. Aka gama Tiga can kudu a 1974, mu kuma nan arewa muka sami Tomas kusa da Dambatta, da Jakara a Wasai, da Gari wajen Kunchi, da Watari a Bagwai. Masunta suka zo da jiragensu da komarsu, 'ya'yan manoma kuwa suka tsaya bakin ruwa suna kallo har suka koya. Yau akwai gidaje da yawa da tarwaɗa ko karfasa ba ta shiga miyarsu da rani sai in yaron gidan ya tafi da ƙugiya.

To, yaron nan da wane hannu zai jefa, da wane kuma zai jawo? Kada mai karatu ya ce wannan tambayar marasa aikin yi ce. A kanta kifi yakan kuɓuce, a kanta kuma akan mari yaro ba da laifinsa ba.

Fatsar da muka saba ba ta da gardama. Sanda ce, da zare, da ƙugiya, da ɗan totuwar kara a sama, da tana a ƙasa. Hannun da ya fi iyawa shi ke riƙe sanda, in totuwa ta nutse shi ke fizga. Waɗansu yara kuma sukan naɗe zarensu a jikin gwangwani ko kwalba, su riƙe gwangwanin a hannu ɗaya, su wulwula ƙugiya da ɗayan su sake ta, zare ya warware da kansa. Ba wanda ya koya musu, amma kowa yakan ba hannun da ya fi saiti aikin jifa.

Gardama ta zo ne tare da sandar kanti mai ɗan inji a gindi, wadda ake murɗa mariƙinta ta naɗe zare. Injin nan iri biyu ne. Na farko shi ke zama a bisan sanda. Masu gyaran agogo na Jihar Kentaki ta Amurka ne suka ƙera shi a farkon ƙarni na 19, babbansu wani George Snyder, mariƙinsa kuwa a dama aka saba sa shi. Saboda haka mai dama yakan jefa da dama, ya miƙa wa hagu sandar, sa'an nan ya murɗa da dama. Na biyu shi ke rataye a ƙarƙashin sanda. Wani mai masaƙa a Ingila, Alfred Illingworth, ya yi rajistar irinsa a 1905. Masaƙan Minjibir da za su duba shi da sun ce ai ƙwarƙwaro ne, gama zare daga bakinsa yake zuba shi kuwa yana tsaye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani kamfani a Faransa ya cika duniya da wannan iri, mai suna Mitchell 300, mariƙinsa a hagu, domin mai dama ya jefa da dama ya ci gaba da riƙe sandarsa. Suka kuma yi mai lamba 301, mariƙi a dama, domin bahago.

A ganina mutanen Faransa sun fi gaskiya. Ka duba aikin kowane hannu. Hannun da ke kan sanda shi ke auna inda ƙugiya za ta fāɗa. Shi ke jin taɓawar kifi, wadda wani lokaci ba ta fi motsin ƙuda ba. Shi ke fizga a kan kari, shi ke kokawa da tarwaɗa sa'ad da ta nufi cikin ciyawa. Hannun da ke kan mariƙi fa? Juyi kawai yake yi. Yawancin ƙananan injunan nan in ka juya sau ɗaya sukan naɗa zare wajen sau biyar, ba wani ƙarfi suke nema ba. Ba a ba babban ɗa aikin kora kaji a ba ƙarami garma.

Akwai kuma wani dalili namu na nan. Madatsunmu gonaki da itatuwa suka cinye, ƙarƙashin ruwan cike yake da kututture da saiwa. Ɗan lokacin da mutum ke ɓatawa yana sauya sanda daga hannu zuwa hannu ya isa ƙugiya ta nutse ta saƙale. Wanda ya sayi ƙugiya da darma da kuɗin ƙwadagonsa ya san zafin tsinka zare.

Duk da haka ba na cewa mai sauya hannu ya yi laifi. Wanda ya shekara ashirin yana yi hannunsa ya riga ya haddace, kuma in za a wuni bakin ruwa sauyawar takan hutar da kafaɗa. A bar shi. Magana ta mai koyo ce. Yawancin injunan da ke rataye a ƙasa ana iya juya mariƙinsu: ka kwance ɗan murfin da ke ɗaya gefen, ka zare mariƙin, ka sa shi ta can, ka ɗaure. Ba ya cin minti biyu. Na bisan sanda kuwa ba ya juyuwa, sai mutum ya duba tun a kasuwa kafin ya biya.

Yanzu ga inda zancen ya fi nauyi. Masu bincike sun nuna wajen mutum ɗaya cikin goma bahago ne. A ajin da ke da yara arba'in ke nan za ka sami uku ko huɗu, mu malamai kuwa muna ganinsu tun ranar da suka fara riƙe alli. A ƙasarmu an san matsayin hagu. Ba a cin tuwo da ita, ba a miƙa wa babba abu da ita, ba a gaisawa da ita. Wannan ladabi ne mai kyau, yaron da bai koye shi ba zai sha kunya cikin maƙwabta, ya kamata iyaye su koya masa da haƙuri. Amma jifa ba gaisuwa ba ce. In aka tilasta wa bahago ya jefa ƙugiya da dama, ƙugiyar takan tafi inda ta ga dama, wani lokaci kunnen ƙaninsa da ke tsaye a baya. Masu dambe sun gane wannan tuntuni. Hannun da ya fi ƙarfi shi suke naɗe wa kara, ko wanne ne, 'yan dambe nawa ne kuma suka yi suna da laƙabin Bahago? A Littafin Mahukunta ma, sura 20, an ba da labarin mutum 700 na kabilar Biliyaminu, dukansu bahagwai, gwanayen majajjawa, ba a kuwa ce an juya musu hannu ba.

Baba, in kana shakkar hannun ɗanka, gwadawa ba ta da wuya. Ɗaura ɗan dutse a bakin zaren ba tare da ƙugiya ba, ka ajiye kwano taku ashirin a bayan gida, ya jefa sau goma da kowane hannu. Kwanon zai faɗa maka.

Birgi kuwa, wato komar nan mai darma a baki da ake watsawa ta buɗe kamar faifai, nasa zancen ya wuce na kifi. Igiyarsa a wuyan hannu ake sa ta. Za ka ga masu sa ta a hannun jifa, za ka ga masu sa ta a ɗayan. Shawarata ita ce a sa ta a hannun da bai kai ɗan'uwansa iyawa ba, hagu ga mai dama, dama ga bahago. Ran da birgi ya kama kututture, mutum kuwa yana kan jirgi ko kan gaɓa mai santsi, igiyar nan ita za ta jawo shi ruwa, a sa'an nan yana bukatar hannunsa mai iyawa a sake domin ya kwance ko ya yanke. Kada a yi zarge, gama zarge ƙara matsewa yake yi in an ja shi. A yi ƙulli tsayayye mai faɗin da hannu zai zame ya fita.

Waɗansu kuma sukan ciji bakin birgi da haƙori kafin su watsa, domin hannu biyu ba su ishe su ba. A kiyaye, darma guba ce. Ita ce ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake ta wurin haƙar zinariya ta zo musu. A ɗora bakin birgin a kafaɗa ko a gwiwar hannu, yara kuma kada su matse darmar fatsa da haƙori.

In kifi ya fito, aikin yakan juya. Hannun da ya yi juyi shi zai damƙi kifin, mai iyawa shi zai cire ƙugiya. Kurungu na da ƙaya uku, ɗaya a baya biyu a gefe, yakan kuwa miƙe su ya kafe da zarar ya ji an taɓa shi. A kama shi daga bayan ƙayoyin gefe, ta wajen ciki, tafin hannu kada ya hau bayansa.