Ƙayar daji ba abin wasa ba ce: abin da muka gano tsakanin Magarya da Dungas

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, kun san bayan damina ta ɗauke ne aduwa da magarya ke cika tayuka. To mun tashi daga Magarya da na'urar ɗaukar murya, muka nufi karkarar Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, don mu ga inda kayan nan ke fitowa. Ba mu yi nisa ba ƙaya ta huda mana taya.

Saukowarmu ke da wuya ƙarangiya ta yi mana maraba. Wando, igiyar takalmi, har jakar na'ura, duk ta kama. Muka shiga cira da hannu tana komawa yatsu. Wasu mata masu tsintar aduwa suka tsaya suna yi mana dariya, sannan suka nuna mana a jiƙa yatsa tukuna. Ƙarangiyar nan da muke tsinewa, ƙwayarta ta ciyar da mutanen Sahel a shekarun yunwa, amma a ranar ba mu tuna da wannan alherin ba.

Abokin aikinmu kuma ya jingina da shingen ƙerana, sai ga ƙaya a kafaɗa, reshe ya karye yana zubar da farin nono. Baƙi kan kira ta kaktus, alhali kaktus na gaskiya daga nahiyar Amurka ya fito. Ƙerana dangin tinya da aguwa ce, kuma nononta ya fi ƙayarta haɗari: yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya lalata shi. Wanda abin ya sama ya wanke da ruwa mai yawa nan take, kada ya murza, ya nufi likita.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ƙafar ɗaya daga cikin matan. Ƙayar aduwa ta shige ta ta cikin silifa, ta karye a ciki, ƙafar ta kumbura, ta ɗaure da tsumma tana ɗingishi a bayan sauran. Kasuwa biyu ta wuce ta. Mai ƙaramin jari ta san ma'anar wannan. Ga kuma tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Ƙwayarsa tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ƙaramin rami mai zurfi irin na ƙaya take so, kuma takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, lokacin an manta da ƙayar. Allurar rigakafinsa ita ce wadda ake yi wa masu ciki wajen awo. Maza da tsofaffi su ma su tambaya. Kakanninmu ba sa shiga daji sai da matsefata a rataye, mu mun yar da ita mun riƙe salula. A cire ƙaya da abu mai tsabta, a wanke da sabulu. Baƙin mai da kashin shanu da wasu ke shafawa ƙara ciwo suke yi. Mai ciwon suga kuwa kada ya kwana da ƙaya a ƙafa.

Ba mu ce a sare itatuwan ba. Tun shekarun 1980 manoman Magarya, Matamai da Mirya suka riƙa barin gawo yana tsira cikin gonaki, har masana na duniya suna zuwa kallo. A birnin Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods da aka kafa a 2014 yana sayen ƴaƴan daji irin aduwa, magarya da hanza yana sarrafawa. Kuɗi ne ke rataye a jikin ƙayar.

Da aka gyara taya, mun ɗauki baiwar Allah nan muka sauke ta a asibitin da ke kan hanyarmu, da buhun aduwarta. Ƙarangiya kuwa mun kwana uku muna tsintar ta a kujerun mota.