Ƙarin ɗaki a bakin iyaka: yadda dokar take a Onitsha da Enugu

A unguwannin da Hausawa ke zaune a Onitsha, fili ya yi ƙaranci. Mai gida ya ga 'ya'ya sun girma, sai ya jingina sabon ɗaki da katangar maƙwabci. Damina na sauka, ruwan kwanonsa ya riƙa zuba a tsakar gidan wancan, ko tagar bene ta leƙa inda mata ke girki. Daga nan rigima take tashi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gine-gine hurumin jihohi ne. Saboda haka ƙarin ɗaki ma sai da izini. A Anambra hukumar tsara birane ta jiha ce ke amincewa da zanen gini, a birnin Enugu kuwa hukumar raya birnin, wato ECTDA. Suna duba tazarar bango da iyaka, da magudanar ruwa. Ginin da ba shi da izini ana iya shafa masa jan fenti, a rushe shi.

Da yawa daga cikinmu haya muke yi, ɗan haya kuwa ba ya ƙari sai da yardar mai gida. Idan an saɓa da maƙwabci, a fara zuwa wurin Sarkin Hausawa da taswirar filin a hannu, kafin a nufi kotu.