Kina wurin aiki, takardar tana cikin kwamfutar gida

Uwargida, a ce kina wurin aiki ko kin tafi biki wani gari, sai makarantar yaro ta bugo tana son takardar haihuwarsa kafin la'asar. Hoton takardar kuwa yana cikin kwamfutar da kika baro a falo. Za ki iya shiga ta daga wayarki, amma sai kin ɗan fahimci adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet.

Adireshin iri biyu ne. Mu a asibiti akwai adireshin da duk gari ya sani, akwai kuma lambar gadon majinyaci, wadda ba ta da amfani sai an shigo ciki. Na cikin gida shi ne kamar lambar gadon. In Windows gare ki, danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta cmd. A baƙin allon da zai buɗe sai ki rubuta ipconfig, ki duba layin IPv4. Yawanci lambar tana farawa da 192.168, kuma ba ta aiki sai wayarki na kan Wi-Fi ɗaya da kwamfutar. Na waje kuma, ki tambayi Google adireshin IP ɗinki daga kwamfutar kanta, kada ki yi daga waya.

To, a nan gizo ke saƙar. Da yawanmu MiFi muke amfani da shi, ko rauta mai layin waya, kamfanonin sadarwa kuwa sukan haɗa mutane da yawa a kan adireshi guda, yana kuma canzawa. Lambar da kika rubuta a bayan kalanda yau, gobe tana iya zama ta wani. Ko ba ta canza ba, ƙwanƙwasawarki daga waje ba lallai ta kai gidanki ba.

Shi ya sa ni na fi son Chrome Remote Desktop. Kyauta ne, kuma shi zai nemo kwamfutar da kansa. Ki saita shi a kwamfutar da asusunki na Gmail, ki zaɓi lambar sirri mai aƙalla lambobi 6 (don Allah ban da ranar haihuwar auta), sannan ki sauke manhajar a waya ki shiga da wannan asusun. Sharaɗin dai kwamfutar ta kasance a kunne, da intanet, an kuma hana ta barci. In an ɗauke wuta batir ya ƙare, sai dai haƙuri. Takardun da kika san za a yi ta nema, ki ajiye su a Google Drive tun yanzu.

Duk wanda ya kira ki ya ce daga banki yake, ki sauke AnyDesk ki karanto masa lambar da ta fito, kashe wayar kawai. Kina ba shi, allonki gaba ɗaya yake gani, har saƙon kuɗi da banki ke turo miki. Ki gaya wa yaran ma, don sun fi ki zama a gaban kwamfutar.